Babban Kati Guda Ɗaya

Fatakwal, watan Oktoba

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai alhamdu lillahi, sai ruwan garin nan da ya ƙi ɗaukewa, da tsadar da ta sa na koma cin abinci sau biyu a rana ina ce wa kaina rage ƙiba nake yi.

Na zaɓi rubutu a kan waya saboda maganar lissafi ce, kuma na san wayar a hannun maigidanki take, a tsakar gida ake amsa ta kowa na saurare. Sabo direban motar albasa zai miƙa miki wannan, shi za ki ba amsa.

Ƙungiyar manoman garinmu ta buɗe asusun lafiya, sakataren ya aiko mini da takardar bayani. Kati iri biyu ne. Ƙaramin kati naira dubu goma sha biyu ne a shekara ga mutum ɗaya, yana ɗaukar zazzaɓi da gudawa da awo da haihuwa a ƙaramin asibitin gari. Babban kati dubu sittin ne, shi ya haɗa da gwajin jini, da kwanciya a babban asibiti, da tiyata, da maganin ciwon da ake zama da shi, irin su hawan jini da suga.

Tun rasuwar Baba gidanmu mutum shida ne: Inna, Yaya Nababa, matarsa Maijidda, da yaransu uku. Na juya albashina ta kowace fuska. Abin da zan iya shi ne ko dai kowa ya sami ƙarami in ajiye ragowar don ɓacin rana, ko kuma ƙarami biyar da babba ɗaya tak. Babba biyu ya fi ƙarfina, kuma faɗin haka ya yi mini nauyi.

Ba na son yin zaɓin da ka. Don Allah ki daure ki je gida ki zauna da su. Ki tambayi kowa sau nawa ya kwanta daga bara zuwa bana, me ya kashe a kemis, me ya kashe a asibiti. In na san abin da shekarar da ta wuce ta ci, zan iya kimanta abin da mai zuwa za ta ci, in ga katin da ya fi sauƙi ga kowa. Ana rufe rajista ƙarshen watan gobe.

Ki gaishe da Inna da kyau.

Ƙaninki,
Hadi

*

Makoɗa, watan Nuwamba

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana ƙamshin albasa. Mu duka lafiya lau, sai ƙaramar ɗiyata da ke haƙori ta hana kowa sakat. Batun rage ƙiba kuwa, ka bari, wace ƙibar gare ka? Ka ci abinci.

Na je gida kamar yadda ka ce, kuma ka sani ka sa ni aikin da ban taɓa yi ba. A garin nan ka tambayi mutum lafiyarsa ya ce lau, ko da kuwa ɗauke shi aka yi aka kawo. Sai da na ce musu kai ne ka aiko ni, kuma kuɗi za ka biya, sannan baki ya buɗe.

Inna ta fi kowa ba ni haɗin kai, amma a kan jikokinta. Ta tuna zazzaɓin kowannensu, da wanda ya fara a damina da wanda ya kamu daga baya, har akuyar da ta yi zawo sai da ta sako a lissafin. Yaran uku sun ci wajen dubu talatin. Nata kuma sai da na matsa. Gwiwoyin nan, da jirin da ke ɗibarta in ta tashi tsaye, da maganin ido, duk sun kai dubu arba'in. Ka ƙara da kuɗin babur, wanda ka manta da shi a takardarka. Tun da man fetur ya tashi, zuwa asibiti da dawowa ya kusa kuɗin maganin kansa.

Maijidda ta ce ita ba komai, ciwon kai ne jefi-jefi. Na ce maigidan fa? Ta sunkuyar da kai tana tsince wake, ta ce in tambaye shi. Na same shi a gona suna ɗaurin dawa, na tambaye shi, ya yi dariya ya ce, “Ni da asibiti ai sai dubiya. Ki ce wa Auta ya rubuta mini sifiri.” Ya ɗan faɗa, gaskiya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma bana wa ya yi ƙiba? Buhun masara ya kai inda ya kai.

Na koma na ce wa Inna saura Yaya, ko ta san wani abu? Sai ta miƙe wai za ta duba tukunya. Ka san ta da kunyar ɗan fari, ko mu ba mu taɓa jin ta kira shi ba, daga “wancan” sai “mai gonar”. Ban ja ba. Da na yi mata bayanin babban katin ta ce, “Ni na ci zamanina. Ku ba wanda gidan ke kansa.” Halin nata ne, ko nama aka raba sai ta ce haƙoranta ba za su iya ba.

To, ga abin da na samo, malamin lissafi. Sauran aikin naka ne.

Yayarka,
Barira

*

Fatakwal, watan Nuwamba

Yaya Barira,

Salamu alaikum. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya kuma fito wa yarinya da haƙoranta lafiya. Ina nan ƙalau. Na karɓi gyara a kan kuɗin babur.

Ga yadda na yi. Ga kowane mutum na haɗa abu uku: kuɗin kati, da abin da katin ba zai ɗauka ba wanda dole a biya daga aljihu, da kuɗin zirga-zirga.

Yara da Maijidda ba su da wahala. Ciwonsu duk na ƙaramin asibiti ne, ƙaramin kati ya ishe su.

Inna ce ta tsayar da ni. Da ƙaramin kati, shekararta za ta ci mu wajen dubu hamsin, tunda ba ya ɗaukar ido da gwaji. Da babba, wajen sittin da biyar. A takarda ƙaramin ya fi sauƙi. Amma jirin nan bai kwanta mini ba. In hawan jini ne, kwanciya ɗaya a babban asibiti za ta haura dubu ɗari. Ƙarin dubu goma sha biyar don a kauce wa wannan ba asara ba ce. Saboda haka babban katin na Inna ne. Zancenta na a ba wani kuwa kawaici ne kawai, kada ki saurare ta.

Yaya Nababa dai sifirin da ya nema na rubuta masa. Da ba don kada ya ga an ware shi ba, ko ƙaramin ma asara ne a kansa. Allah ya ƙara masa lafiya, shi ne ƙarfenmu.

Na tura kuɗin wajen sakatare. Ki raka su a ɗauki hoto. Wallahi rabon da in ji zuciyata ta yi sanyi haka tun rasuwar Baba, don ko ba komai na yi wani abu daga nesa.

Hadi

*

Fatakwal, watan Janairu

Yaya Barira,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ko da yake na fara shakka. Sabo ya zo sau biyu hannu rabbana. Na tambaye shi gida, ya ce lafiya, amma idonsa na kan tayar mota. Wayar maigidanki a kashe, ta Yaya Nababa tana shiga ba a ɗauka. In fushi kike yi da wani abu da na rubuta, ki faɗa mini. In kuma jikin Inna ne, kada ki ɓoye, ai don irin wannan ranar muka yanki katin. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Hadi

*

Makoɗa, watan Janairu

Hadi,

Wa alaikumus salam. Ba zan ce maka lafiya lau ba, na gaji da kalmar nan. Inna ƙalau take. Yaya Nababa ne.

Tun lokacin girbi ya taka tushiyar dawa a ƙafar hagu. Ɗan ciwo ne da yaro ma ba zai yi wa kuka ba. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Ciwon ya ƙi kamewa, ya ci ya ci, har Maijidda ta kasa jure warin ta aiko a kira ni. Muka kai shi ƙaramin asibiti da katinsa, suka duba suka ce wannan ya wuce su. A babban asibiti aka gwada jininsa aka ce suga ne, kuma ya daɗe. Sun yanke masa yatsu biyu. Likita ya ce in ba a tsaya a kan allura kullum da wankin ciwo ba, ƙafar ce za ta tafi. Ƙaramin kati bai ɗauki ko ɗaya ba. An sayar da tumaki biyu da gyaɗar da aka ware don iri. A can nake kwana, shi ya sa ka ji ni shiru.

Yanzu ka zauna ka ji abin da ya fi ci mini rai. Kowa a gidan nan ya sani. Shi ya sani tun shekara biyu, yana sayen ƙwayoyi a kasuwar nesa don kada mai kemis ɗin garinmu ya yi da shi, in kuɗi ya yanke ya daina sha. Ya ce mini magidanci ba ya zama gaban ƙanwarsa yana lissafa ciwonsa, kuma wai ba ya son ka ɗora wa kanka kaya. Maijidda ta sani, ya hana ta faɗa. Inna kuwa ta riga su duka. Ita ta fara lura da kiyashi na taruwa a bayan gida, da yawan shan ruwansa. Ta daina sa sukari a furar gidan, yara suna ta ƙorafi, ta ce tsada ce.

Na same ta a ɗaki na ce, “Inna, na zauna a gabanki na tambaye ki. Me ya hana ki faɗa mini?” Ta ce, “Na faɗa miki mana. Na ce ku ba wanda gidan ke kansa.” Na ce ai wannan ba faɗa ba ne. Ta dubi tabarma ta ce, “To da wane bakin zan zauna ina zancen jikin wancan? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba.” Na so in yi mata faɗa, na kasa. Na fita waje na yi kukana.

Haushi nake ji, Hadi, kuma ban san wa zan ɗora wa ba. Kai ka yi lissafinka daidai a kan abin da na ba ka, ni na ba ka abin da aka ba ni. Mutumin da ya fi kowa ciwo shi ya fi kowa iya shiru, kuma wadda ta fi kowa sani ita ce ba ta da bakin faɗa. Ranar da takardarka ta zo na karanta musu a tsakar gida, har inda ka ce ko ƙaramin kati asara ne a kansa. Shi ya fi kowa dariya.

An sallamo shi, yana gida. Katin Inna yana cikin kwalla, ko sau ɗaya ba a fito da shi ba.

Barira

*

Fatakwal, watan Fabrairu

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Na karanta takardarki a bayan siton da nake aiki, na kasa komawa ciki. Maganar asarar nan da na rubuta ta tsaya mini a rai. Ki ce masa ya yafe mini.

Na yi ta tunani. Na tambayi abin da aka kashe, alhali abin da ya kamata in tambaya shi ne abin da aka ƙi kashewa. A gidan da babu, ai mai sifiri ba lallai shi ne mai lafiya ba. Na girma a gidan nan, na san yadda Inna ke kauce wa ko inuwarsa a gaban mutane, na kuma san cewa in ya yi dare a gona ita ce ba ta cin tuwo. Amma shekarun nan a cikin mutanen da ke faɗin ciwonsu tun ba a tambaye su ba sun sa na manta yadda ake sauraron mutanenmu.

Na sake lissafin. Allura da gwaji da wankin ciwo da mota, in daga aljihu ne, shekara za ta haura dubu ɗari uku. Ba ni da su, ko na daina cin abinci gaba ɗaya. Da babban kati ba za ta wuce tamanin ba.

Na koma na karanta takardar ƙungiya daga farko. Akwai hanya. An yarda 'yan gida ɗaya su yi musayar kati sau ɗaya kafin wata uku da rajista, kuma watan nan ne na ƙarshe. Sharaɗin shi ne mai katin ya zo da kansa gaban kwamiti ya faɗi da bakinsa sunan wanda yake bar wa. Sakatare ya ce sun sa haka ne don kada 'ya'ya su riƙa ƙwace katin tsofaffi a bayan idonsu.

Abu biyu ke damuna. Na farko, in aka yi haka Inna ta koma ƙaramin kati da jirinta, sai dai mu roƙi Allah ya kai mu baɗi lafiya. Ki faɗa mata wannan ƙarara, kada ki rage komai. Na biyu, sunan. Ban san yadda za a ce wa Inna ta kira shi a gaban maza ba. Ki sami shugaban kwamiti, Malam Ɗan'auta, abokin Baba ne, ya san al'ada. Ko zai yarda ta yi nuni da hannu.

Na ba Sabo ɗan abin da ya rage a hannuna, a sayi allurar wannan makon.

Ƙaninki,
Hadi

*

Makoɗa, watan Fabrairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, Allah ya yi albarka. Jikin Yaya da sauƙi, kuma wannan karon da gaske nake. Ciwon ya fara ja yana kamewa daga gefe. Ya ce in gaya maka babu abin yafewa, wai shi ya ba ka sifirin da hannunsa.

Na faɗa wa Inna komai kamar yadda ka ce, har da cewa in jirin ya kayar da ita babu katin da zai ɗauke ta. Ban gama ba ta buɗe kwalla ta ɗauko katin ta ƙulle a bakin zane. Ta ce yaushe za mu?

Na je wajen Malam Ɗan'auta tun kafin ranar. Ko gardama bai yi ba. Ya ce shi ma tsohuwarsa har ta rasu ba ta kira sunan wansa ba, ba zai tozarta matar amininsa ba. Ya ce a zo da Yaya, ita ta nuna shi, sakatare ya rubuta, shi ke nan.

Ranar kasuwa muka shiga mota muka tafi ofishin ƙungiya a cikin gari, ɗan shagon nan na kusa da injin niƙa. Mutane cike, masu karɓar taki da masu gyaran kati. Aka zaunar da Yaya a benci a bakin ƙofa, ƙafar a naɗe. Inna ta shiga ta durƙusa ta gaida kwamiti. Malam Ɗan'auta ya ce, “Sauda, ba sai kin wahalar da kanki ba. Wancan na bakin ƙofa kike bar wa katin? Ki ɗaga kai kawai.”

Ba ta ɗaga ba. Ta kwance bakin zane ta ajiye katin a kan tebur. Ta ce, “Malam, na gode. Amma nunin nan na yi shi, ba a gane ba, ya ci masa yatsu biyu. Yaro, ɗauki alƙalaminka.” Sakatare ya ɗauka. Ta ce, “Muntaka. Sunansa Muntaka. Ɗana ne na fari, kuma ba shi da lafiya.”

Hadi, kowa ya juyo yana kallon ta, har mai injin niƙa ya leƙo. Ni kaina sai da na ji sunan baƙo a kunnena, don rabon da in ji wani ya kira shi da shi tun yana makaranta. Malam Ɗan'auta ya cire hula ya mayar ba dalili. Inna ta dangwala yatsa, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta fita ta gefensa ba ta dube shi ba. Ta ƙi hawa mota ɗaya da mu, ta ce za ta tsaya sayen daddawa, alhali akwai daddawa a gida.

Katin zai fara aiki ranar Litinin, mun riga mun yi magana da mai babur ɗin da zai riƙa kai shi wankin ciwo. Ita kuma zan riƙa leƙa ta kowace Juma'a, kuma na daina tambayar ta lafiya, tsayar da ita zan yi in ga ko ta dafa bango.

A mota Yaya ya juya fuskarsa waje yana kallon gonaki. Na ɗauka ƙafar ce ke damunsa, na ce ko a tsaya ya miƙe ta. Ya girgiza kai. Sai da muka kusa gida ya share ido da hannun riga, ya yi wata 'yar dariya, ya ce da ni, “Barira, ashe ta san sunan.”

Yayarka,
Barira